Darasin Lambu: Kaktus Mai Jan Ciki

Wani ɗan'uwa ya kawo mana tsiro cikin gwangwani, an ba shi tsaraba. Yana tambaya ko ƙerana ce, kuma ko ya dasa a bakin shingen majami'a domin ado. Ba ƙerana ba ce. Kaktus ne, masana suna kiransa Opuntia humifusa. Asalinsa gabashin Amurka ne, inda yake fitowa a rairayi da kan duwatsu, har yana jure ƙanƙara.

Ga yadda za ku gane shi. Ba ya tashi sama, jan ciki yake yi, da kyar ya wuce ƙafa ɗaya. Abin da kuke zato ganye ne, reshe ne, faffaɗa kamar tafin hannu, ɗaya bisa ɗaya. Furensa babba ne, ruwan ɗorawa, wani da ja a tsakiya. 'Ya'yansa ja ne. In kuna shakka, ku ɗan yanke shi da wuƙa. Ƙerana da tinya sukan zubo farin ruwa kamar nono, mai ƙona ido. Wannan kuwa yauƙi kawai za ku gani.

Manyan ƙayoyi ba su ne abin tsoro ba, wani ma ba shi da su. Ku duba ɗigo-ɗigon da ke jikin reshen. Kowanne cike yake da ƙananan ƙayoyi kamar gashi, sun fi ƙarangiya naci. Da awartaki ake kama shi, in sun shiga fata sai hantsaki. A hana yara taɓawa.

Dasa shi ba wuya. A yanke reshe a gaɓa, a ajiye a inuwa kamar mako ɗaya, bakin yankan ya bushe. A kafa shi inci biyu cikin ƙasa mai yashi, a tukunya mai huda a gindi, a sa a rana. Kada a yawaita ban ruwa, ruɓewa zai yi. Da tsakiyar damina a janye shi ƙarƙashin rumfa.

To, sauƙin nan shi ne damuwarmu. Reshen da ya faɗi ƙasa yakan yi saiwa da kansa. Wani danginsa, Opuntia stricta, da wasu irinsa sun cinye eka miliyan 60 a Ostareliya, manoma suka bar gonakinsu, sai da aka saki wata tsutsa daga Ajantina a 1926 ta ci shi. A Laikipia ta ƙasar Kenya, awaki da tumaki sun ci 'ya'yansa, ƙaya ta cika musu baki da ciki, da yawa suka mutu. Shi mai jan cikin ma, Afirka ta Kudu ta sa shi cikin tsire-tsire masu ɓarna.

Saboda haka muka ce wa ɗan'uwanmu kada ya kai shi shinge, inda awaki ke wucewa. Ya bar shi a tukunya cikin gida, ya tsinke 'ya'yan kafin su nuna. Reshen da ya karye kuma kada a zubar a juji, a ƙone shi ƙurmus.