Yoyon Baƙin Mai a Tsohuwar Mota: Nemo Mafarinsa Kafin a Kwance Inji

Koken da masu tsofaffin motoci suka fi kawo mini shi ne na tabon baƙin mai da suke tararwa da safe a inda motar ta kwana. Galibi kafin su zo sun riga sun je gareji. Bakanike ya leƙa ƙasa, ya ga kaskon mai na ƙasan inji, wanda ake kira botom filet, ya jiƙe sharkaf, nan take ya yanke hukunci cewa sai an sauke shi an sake masa gam, ko ma sai an cire giyabos an canza sil na baya. An biya kuɗi, an yi aiki, bayan mako guda tabon ya dawo wurinsa.

Abin da ke jawo wannan asara abu ɗaya ne: inda mai yake ɗiga ba lallai ne nan yake fitowa ba. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da rufinsa ke yoyo ya san ruwan yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya sauko. Haka baƙin mai yake. Yana fitowa daga sama, ya gangaro jikin inji, iskar tafiya ta kora shi baya, ya taru a wuri mafi ƙasa sannan ya ɗiga. Don haka kusan kowane irin yoyo a ƙarshe botom filet yake jiƙawa, ko mahaɗar inji da giyabos. Aikin farko shi ne gano wuri mafi tsawo da man ya jiƙa.

Fara tabbatar da cewa baƙin mai ne. Shimfiɗa kwali mai tsabta ƙarƙashin motar da dare, ka yi alamar inda tayoyin gaba suke, da safe ka duba. Man inji ruwan zuma ne idan sabo ne, ya koma ruwan ƙasa ko baƙi idan ya yi aiki. Man giyar otomatik yawanci ja ne, kuma motoci da yawa irinsa suke sha a sitiyari. Man birki fari-fari ne ko rawaya-rawaya, kuma idan shi ne, kada motar ta hau titi sai an gyara. Ruwan lagireto ba shi da maiƙo irin na mai. Ruwa garai da ke ɗiga ta ɓangaren fasinja bayan an kunna AC ba matsala ba ne.

Sai ka auna yawan abin da ke raguwa. A ajiye motar a wuri mai daidaito, a kashe ta, a jira kamar minti 10 man ya sauko, a zaro geji a goge, a mayar a sake zarowa. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita 1 ne, alhali duka man injin mai silinda huɗu bai fi lita 4 da ɗan wani abu ba. Idan geji na nuna man na tafiya da yawa amma kwali bai nuna komai ba sai ɗigo biyu, to mai yiwuwa injin ne ke ƙona man. Alamarsa hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa, musamman da safe ko bayan an daɗe a tsaye a cunkoso. Wannan maganar ringi ce ko sil na bawul, canza gasket na waje ba zai taɓa ta ba. Idan kuma ka ga man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ne ya shiga, a binciki gasket ɗin kan silinda.

Yanzu ga matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin aikin: wanke injin. Motocin da muke hawa, 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam da suka haura shekara 15 ko 20, ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta yi musu ɓawo mai kauri. A cikin wannan dauɗar babu idon da zai iya gane sabon mai da tsoho. A bari injin ya huce, a rufe altaneta da kwayil da distiributa da leda, a shafa sabulun wanke maiƙo ko kananzir da buroshi, a ɗauraye da ruwa marar ƙarfi. Ban yarda da fetur ba a wannan aikin, balle a kan inji mai zafi, kuma ban yarda a harba ruwan injin wanki kai tsaye cikin soket na wayoyi ba. Idan ya bushe sarai, a barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi. A tayar da motar ta yi kamar minti 15, a haska da tocila. In ba a ga komai ba, a ɗan zaga da ita a dawo, domin wani yoyon ba ya fitowa sai inji ya yi zafi yana aiki. Man zai zana layi a kan hodar, kai kuma ka bi layin zuwa sama har inda ya fara. Garejin da ke da rinin da ake zubawa cikin mai a haska shi da fitila ta musamman ya fi sauƙin aiki, amma hoda ma tana biyan buƙata. Idan za a shiga ƙarƙashin mota, a hau rami ko a kafa ta a kan matokara masu ƙarfi. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne da ran mutum.

Wanda aka fi kamawa da laifi shi ne gasket ɗin murfin saman inji. Roba ce, kuma shekaru da zafi suna busar da ita har ta riƙa karyewa a hannu. Zafin watan Maris da Afrilu a ƙasarmu, ga cunkoso ga fankar da ba ta aiki sosai, yana gaggauta hakan. Idan man na sauka a kan bututun salansa za ka ji ƙauri cikin mota, wani lokaci har da siririn hayaƙi daga ƙarƙashin bonet. Idan ya cika ramin fulogi, motar za ta fara shaƙewa tana karkarwa. Gyaran mai sauƙi ne kuma ba shi da tsada, sai dai a kula da abu biyu. A canza har da zobban robar da ke kewaye da ramukan fulogi. Sannan kada a ɗaure notinan da ƙarfi. Ƙanana ne, ɗaurinsu bai wuce kusan 10 Nm ba, ana bin su a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Yaron gareji da ya ga yoyo ya ɗauko sifana ya ƙara tamke su, ko dai ya matse robar ta fashe, ko ya lanƙwasa murfin, ko ya karya noti a cikin kan silinda.

Daga nan sai ƙananan abubuwa masu arha da ke sa a yi babban aiki a banza. Akwai oyil suwic, ɗan abin da ke kunna jar fitilar mai, wanda idan ya tsufa yake tsiyaya ta jikin robarsa. A injuna da dama yana kusa da giyabos, sai a ɗauka sil na baya ne. Akwai filta da ba a ɗaura daidai ba, ko wadda aka ɗora a kan tsohuwar roba da ta manne a jikin inji lokacin juye. Da hannu ake ɗaure filta, a shafa wa robarta ɗan mai, in ta taɓa jiki a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Akwai notin juye da washarsa, wadda ya kamata a canza amma ake ta mayar da ita har ta baje, a ƙarshe zaren kaskon ya lalace a koma naɗa masa zare ko leda. Shi kansa kaskon yakan daki tudun rage gudu ko dutse ya tsage.

Kowace mota kuma da inda aka san ta da shi. Tsofaffin Honda Accord sukan yi yoyo ta zoben robar distiributa da ta gasket ɗin solenoid na VTEC. Camry mai inji 2.2 ta ƙarshen shekarun 1990 an san ta da zubar da mai ta robar famfon mai, a bayan murfin tayimin bel. Corolla mai injin 1ZZ takan yi naso ta zoben abin da ke ɗame sarƙar tayimin, a bayan inji. Golf 3 mai inji 2.0 takan saki mai ta zoben da ke saman mazaunin filta, wurin na'urar sanyaya mai. Duk waɗannan 'yan robobi ne. Ka tambayi bakanikenka ko ya duba su kafin ya ambaci sauke giyabos.

Sil na gaba, wato na karanshaf da na kamshaf, yana da nasa haɗarin a motar da ke amfani da bel. Mai yana cin robar bel, ta kumbura ta yi laushi, haƙoranta su zube. A injuna da yawa idan bel ta tsinke fistin zai daki bawul, gyaran da ya ninka kuɗin sil sau da yawa. Idan an buɗe wurin, a canza sil da bel ɗin da ta sha mai a lokaci guda. Sil na baya kuwa kuɗinsa kaɗan ne, aikinsa ne mai yawa, tunda sai giyabos ya sauka. Ba na ba da shawarar a taɓa shi sai an wanke an tabbatar duk abin da ke samansa a bushe yake, man kuma daga cikin mahaɗar yake fitowa. A motar hannu, in ya fara jiƙa kuloci har tana sulɓi, babu sauran jira. In kuma dama za a canza kuloci, a haɗa aikin.

Akwai wani dalili da nake so kowane mai mota ya sani, domin shi ne ke sa a canza sil yau ya sake zuba bayan wata biyu. Duk inji yana sakin ɗan hayaƙi ta gefen ringi zuwa cikin ma'ajiyar mai, kuma an yi masa hanyar numfashi, bututu da ɗan bawul da ake kira PCV, wanda ke janye hayaƙin ya mayar da shi a ƙone. Idan daskararren mai ya toshe hanyar, matsi yakan taru a ciki ya nemi mafita ta kowane sil da gasket. In ka ga inji na gumi ta wurare uku ko huɗu lokaci guda, ko geji na ɗagowa da kansa, fara da nan. A cire bawul ɗin a girgiza. Irin na yawancin motocin Japan idan lafiyarsa lau za a ji yana kaɗawa. A duba bututun ko ya toshe ko ya tsage. In hanyar a buɗe take amma da an buɗe murfin zuba mai hayaƙi ke bugowa da ƙarfi, ringi sun gaji, kuma sabon sil ba zai daɗe ba. Cika mai ya wuce alamar sama ma yana jawo yoyo, don haka kada a juye galan duka don kawai an saya.

Game da gam, ba haramun ba ne. Injunan Toyota da yawa tun daga kamfani da gam aka haɗa kaskonsu, babu gasket. Amma aikinsa na da ƙa'ida: a kankare tsohon tas, a goge maiƙo har ƙarfen ya bushe, a ja siririn layi, a ɗaure, a ba shi lokacin da aka rubuta a jikin kwalinsa kafin a zuba mai. Abin da nake gani a garejinmu kuwa lafta shi ake yi a kan gasket ɗin roba har yana tsartuwa waje. Yadda ya tsartu waje haka ya tsartu ciki, kuma guntayen sukan ɓalle su toshe rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta. Na ga injunan da suka buga ta wannan hanyar, masu su suna murnar yoyo ya tsaya.

Haka nan komawa mai mai kauri irin 20W-50 a injin da aka ƙera don 5W-30. Yana iya rage ɗiga kaɗan, amma bai gyara robar da ta mutu ba, kuma yana jinkirin isa ƙananan hanyoyin injunan zamani masu VVT-i da makamantansu. Magungunan tsayar da yoyo da ake zubawa cikin mai kumbura roba suke yi. Suna iya taimaka wa sil da ya ɗan bushe na wani lokaci, ba za su ɗinke wanda ya yage ba. Wajen sayen kaya, ko a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Panteka a Kaduna, ka je da lambar injinka, ka nemi mai kyau. Araha ba ta ado, musamman a sil na baya da kuɗin aikinsa ya fi kuɗin kayan. Kada a sa tsohon sil da aka ciro daga wani inji. Bakanike kuma ya shafa yatsa a kan shaf ɗin. In tsohon sil ya ci masa layi, sabon ma zai zuba sai an gusar da mazauninsa kaɗan ko an sa wa wurin hannun riga na ƙarfe.

Ba kowane yoyo ne na gaggawa ba. Naso da ke tara ƙura kawai ba ya ɗiga, ana iya zama da shi ana duba geji duk mako, da kuma kafin kowace doguwar tafiya, da lita guda a but. Wanda ba ya jira shi ne mai sauka kan salansa, saboda gobara. Da mai jiƙa bel. Da mai ɗiga a kai a kai yayin da inji ke aiki. Idan jar fitilar mai ta kama kana tafiya, matsin mai ne ya faɗi, ka gangara gefe ka kashe motar nan take, ko da gida na kusa. Bayan an gama gyara a sake wanke wurin, a yi tafiyar kwana biyu ko uku, a koma a haska da tocila a shimfiɗa sabon kwali, domin tsohon man da ya maƙale a lungunan ƙasa yakan ci gaba da ɗiga na 'yan kwanaki ko da gyaran ya yi kyau.