Nazari a Kan Haɗurran Nutso Zuwa Jiragen Ruwan da Suka Nitse

Gabatarwa

A daren 25 ga watan Yuli, 1956, jirgin ruwan nan na fasinja na ƙasar Italiya mai suna Andrea Doria ya yi karo da wani jirgi na Suwidin, watau Stockholm, cikin hazo a kusa da tsibirin Nantucket na Amurka. Washegari ya nitse, ya kwanta a kan gefensa na dama a zurfin da ya haura mita 70. Kwana ɗaya tak bayan haka Peter Gimbel da wani abokinsa suka nutsa suka ɗauko hotunansa. Tun daga wannan rana masu nutso ba su daina kai masa ziyara ba, fiye da mutum 20 kuwa sun bar ransu a can, wasunsu a wajen neman farantan tangaran masu tambarin jirgin. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana dalilan da suka sa irin wannan nutso yake cin mutane, har da ƙwararru.

Matsin Ruwa

Tushen al'amarin duka shi ne nauyin ruwa. Duk mita 10 da mutum ya yi ƙasa cikin teku, sai matsin da ke kansa ya ƙaru da kwatankwacin matsin iskar sararin duniya. Ke nan a mita 70 matsin ya ninka na doron ƙasa sau 8. Tun a 1662 Robert Boyle ya nuna cewa iska tana takurewa gwargwadon matsin da aka ɗora mata, saboda haka kowane numfashi a wannan zurfi yakan kwashe iska ninki 8 daga tulun da mai nutso ya goya. Tulun da zai kai shi minti 80 a sama, minti 10 kurum zai yi masa a ƙasa. Idan kuwa tsoro ya kama shi ya shiga haki, abin ba ya ma kai haka.

Ita kanta iskar takan juye ta zama abokiyar gaba. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ce, wadda ba ta cutar da kowa a kan tudu. To amma daga wajen mita 30 takan fara sa maye, a mita 70 kuwa mayen yakan yi tsananin da mutum zai zura wa agogonsa ido ya kasa fahimtar abin da yake nunawa. Mugun abu game da wannan maye shi ne mai shi bai san yana cikinsa ba, ji yake yi ma ya fi kullum gwaninta. Haka kuma oksijin, wadda rai ya dogara a kanta, takan zama guba idan an wuce wajen mita 66 da iska ta yau da kullum, ta jefa mutum cikin farfaɗiya, bututun numfashi ya suɓuce daga bakinsa. Wannan ne ya sa aka koma cakuɗa iskar da hiliyam domin a rage waɗancan biyun, sai dai hiliyam tana da tsada. Ƙungiyoyin da ke koyar da nutson shaƙatawa sun kafa iyakarsu a mita 40.

Cikin Jirgi

Wanda ya nutsa a fili yana da sama a buɗe. Wanda ya kutsa cikin jirgi kuwa rufin ƙarfe ne a bisa kansa, ba shi da mafita sai ƙofar da ya shigo. Jirgin da ya kwanta a gefe ɗaya komai nasa ya birkice, bango ya koma daɓe, ƙofa ta koma rami. Ga wayoyin lantarki suna reto, ga komar masunta da zaren fatsa sun nannaɗe jikin jirgin daga waje suna jiran abin da za su sarƙe. Taɓon da ya shekara da shekaru a kwance, motsin ƙafa ɗaya ya isa ya tayar da shi, kumfar numfashi kuma tana kakkaɓo tsatsa daga sama, nan da nan fitila ta zama ba ta da amfani. Bugu da ƙari ƙarfen yana ruɓewa. Benayen saman Andrea Doria sun riga sun rufta, hanyar da wani ya sani bara ba lalle ne ya same ta bana ba.

Hawa

Abin mamaki, fitowa ta fi shiga haɗari. Muddin mutum yana ƙasa, naitirojin tana narkewa cikin jininsa da tsokarsa. In ya taso da sauri sai ta ɓalle ta zama kumfa, kamar yadda lemon kwalba yake yi idan an ɓalle marfinsa farat ɗaya. Kumfar takan toshe jijiyoyi, ta kawo azabar ciwon gaɓoɓi, in ta taɓa laka ko ƙwaƙwalwa ta shanye jiki ko ta kashe. Bafaranshen nan Paul Bert ne ya gano sanadin a 1878, sa'an nan John Scott Haldane na Biritaniya, bayan gwaje-gwajen da ya yi da awaki, ya fitar da jadawalin tsayawa zango-zango a 1908. Nutson minti 25 a mita 70 yakan wajabta wa mutum rataya a jikin igiya fiye da sa'a guda cikin ruwan sanyi kafin ya leƙo. Alal misali, Harrison Okene, kukun jirgin Jascon-4 da ya kife a gaɓar tekun Nijeriya a watan Mayu na 2013, ya yi wajen sa'a 60 cikin 'yar iskar da ta maƙale a jirgin a zurfin mita 30. Da aka same shi ba a yi gangancin fito da shi kai tsaye ba, sai da ya kwana fiye da ɗaya a ɗakin matsin iska.

Uba da Ɗa

Misalin da ya tara waɗannan haɗurra wuri guda shi ne na Chris Rouse da ɗansa Chrissy. A 1991 aka gano wani jirgin yaƙin ƙarƙashin teku na Jamus, tun na Yaƙin Duniya na Biyu, wajen mil 60 daga gaɓar New Jersey, a zurfin mita 70, ba wanda ya san sunansa. A watan Oktoba na 1992 uban da ɗan suka je neman abin da zai bayyana sunan. Dukansu ƙwararru ne da suka saba da nutson kogo, amma a ran nan iska ta yau da kullum suka goya, saboda tsadar hiliyam. Ɗan ya shiga ciki, wani abu ya faɗo ya danne shi. Uban ya bi shi ya zaro shi, sai dai lokacin da suka tsara ya riga ya wuce nesa, ga maye, ga firgita. Suka nemi tulunan da suka ajiye a bayan jirgin domin zangon hawa, suka rasa, sai suka taso kai tsaye ba tare da tsayawa ba.

Ya kamata a lura cewa ba kuskure ɗaya ne ya kashe su ba. Kowanne daga cikin waɗannan abubuwa, da shi kaɗai ya zo, da wataƙila sun tsira. Uban ya cika jim kaɗan bayan an tsamo shi, ɗan kuma aka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa wani asibiti a New York, inda shi ma ya rasu duk da an saka shi a ɗakin matsin iska. Su ne na biyu da na uku da jirgin ya ci, domin Steve Feldman ya riga su a 1991. Sai a 1997 John Chatterton da Richie Kohler suka ciro wata 'yar alama daga ɗakin injin lantarkinsa, wadda ta tabbatar da cewa sunansa U-869.