Ciwon Damuwa Ba Kullum Yake Zuwa da Hawaye Ba

Da an ambaci ciwon damuwa, mai kuka dare da rana ne ke faɗo wa mutane a rai. Ma'aikatan sashen lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa sun fi sabawa da fuskar da ba ta motsi. A yi wa mutum albishir, ya ce "to, madalla". A gaya masa rasuwa, muryar ba ta sauya ba.

A shekarar 2002, Jonathan Rottenberg da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka sun nuna wa masu ciwon da masu lafiya wani fim mai ban tausayi, ana auna bugun zuciyarsu da gumin hannunsu. Masu ciwon ba su fi sauran kuka ba. Masu lafiyar da suka yi kuka, zuciyarsu ta ƙara gudu, gumi ya tsatso musu. Masu ciwon kuwa, ko da hawayen ya zubo, jikin bai tashi sosai ba. A 2008 aka haɗa sakamakon bincike 19, aka ga ciwon yana dakushe martanin mutum ga abin farin ciki da na baƙin ciki duka, na farin cikin ma ya fi dakushewa. Abin ya shafi jijiyoyin da ke sarrafa bugun zuciya da gumi, waɗanda ba sa jiran umarnin kowa, don haka "saki ranki" ba ya gyara shi.

A ɗakin duba marasa lafiya, ga yadda yakan bayyana. Uwa ta kawo 'yarta mai jego, tana cewa: "Likita, ba abin da ta rasa a gidan mijinta, amma ko jaririn ya yi mata dariya ba ta mayar masa." Yarinyar na zaune, hannu a cinya, ido a ƙasa. Da an tambaye ta, nauyin kai take ambata, da kasala, da farkawa tun kafin asuba. Sau da yawa ta riga ta sha maganin maleriya da taifod har ta gaji.

A gida kuwa fassara biyu ake yi wa irin wannan shiru. Wasu su yaba, su ce haƙuri ne da kawaici. Wasu su ce girman kai ne ko rashin godiyar Allah. Duka biyun jinkirta zuwa asibiti suke yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon sun kai miliyan 280 a shekarar 2019, kuma yana da magani: na sha, wanda kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, da na zaman tattaunawa da ƙwararre. Duk wanda ya yi mako biyu ba ya jin daɗin abin da ya saba so, barcinsa da cin abincinsa suka rikice, a kai shi ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Dawanau ta Kano, Kware ta Sakkwato da Maiduguri. In ya fara zancen gara ya mutu, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.