Inda Gado Yake a Rubuce

Jama'a, kowa ya san ɗa kan ɗauko hancin ubansa ko hasken fatar uwarsa. Amma a ina wannan gado yake ajiye?

Ku sani, jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare da masana ke kira DNA, an naɗe shi ƙunshi 46, 23 daga uba, 23 daga uwa. Fasalinsa kamar igiya ce mai tufka biyu. A shekarar 1953 masana biyu, Watson da Crick, suka bayyana wannan fasali a Kambirij ta Ingila, bayan Watson ya ga hoton da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin.

A jikin zaren an jera sinadarai iri huɗu, ana yi musu laƙabi da A, T, G da C. A ba ta haɗuwa sai da T, G kuma sai da C. Saboda haka idan tufkar ta warware, kowane ɓari ya isa a sake gina ɗan'uwansa, kuma ta haka rubutun ke wucewa daga ƙwaya zuwa ƙwaya, daga iyaye zuwa 'ya'ya. Shi DNA ba ya barin mazauninsa. Idan jiki na bukatar wani abu, sai a kwafi sashen da ya dace a kan wani ɗan gajeren zare mai suna RNA, ya fita da saƙon, a karanta shi haruffa uku-uku. Kusan kowane uku na nufin amino asid guda, su kuwa ake jerawa a sami furotin.

To, ga inda zancen ya shafe mu. Himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini, a sashen DNA da ke ɗauke da rubutunsa akwai wani wuri da ya kamata a karanta GAG. A wasu mutane GTG ne. Harafi ɗaya tak! Wanda ya gaji wannan daga uwa da uba duka, wato mai SS, jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe su toshe ƙananan hanyoyin jini. Wannan shi ne amosanin jini, wato sikila, mai hana yaro barci da ciwon ƙashi, musamman da sanyi. Ba jifa ba ne, ba kuma maye ya kama shi ba.

Wanda ya gaje shi daga ɓangare ɗaya kawai, wato mai AS, lafiyarsa lau, ba a gane shi da ido, sai an ɗebi jini a asibiti. Shi ya sa jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A lura, kowane ciki aka ce. Wasu kan ɗauka idan ɗan fari ya zo da ciwon, ukun da ke biye sun tsira. Sam! Wani gida a haifi huɗu duk lafiya, wani gidan kuwa uku a jere duk masu sikila.