Shiga Wasan Daɓe a Amurka: Abin da Sabon Zuwa Zai Tarar Ranar Tantancewa

Ɗan'uwa, in ka yi wata shida a Amurka daga gida sai wurin aiki, daga aiki sai masallacin Juma'a, wata rana za ka farga ko sunan maƙwabcinka ba ka sani ba. Cikin ƙofofin shiga jama'a da na gwada, babu mai sauƙin buɗewa kamar gidan wasan daɓe na gari. Da wuya ka sami gari mai ɗan girma da ba shi da nasa. 'Yan wasan malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da direbobi, da 'yan fansho, sun taso daga aiki suna yi don sha'awa, galibi ba ko sisi. Kada ka raina su. A irin wannan gida da ke Omaha, jihar Nebraska, wanda aka kafa a 1924, Henry Fonda ya fara hawa dandamali a 1925, kuma mahaifiyar Marlon Brando ce ta jawo shi.

Shiga ba ta buƙatar hanya ko sanayya. Sukan sa sanarwar tantancewa a shafinsu na intanet ko a Facebook makonni kafin ranar, da sunan wasan, da jerin mutanen da ke cikin labarin, da abin da za ka shirya. Karanta ta sau biyu. Wani gidan sai ka yi rajistar lokaci, wani kuwa ka je ka bi layi kawai.

In wasan na zance ne zalla, ɗaya daga cikin biyu za a nema. Ko dai ka zo da jawabin mutum ɗaya daga wani wasa, na minti ɗaya zuwa biyu, ka haddace shi, ko kuma a miƙa maka shafi biyu nan take a haɗa ka da wani ku karanta. Wannan na biyun ya fi yawa a ƙananan gidaje, kuma maganinsa ka je laburaren gari ka ari littafin wasan tun da wuri, aron kyauta ne. In kuwa mai waƙa da rawa ne, irin su The Sound of Music ko Fiddler on the Roof, za a ce ka rera gaɓa 16 ko 32, wato daga rabin minti zuwa minti guda. Ka zo da takardar kiɗan waƙar, wadda aka rubuta daidai da muryarka, ka miƙa wa mai fiyano, ka nuna masa inda zai fara da inda zai tsaya, ka ɗan rera masa a hankali ya ji saurin da kake so. Kada ka kaɗa masa yatsu, suna ɗaukar wannan rashin ladabi. Daga nan a koya muku 'yan takun rawa a jere. Wanda bai iya rawa ba ma yakan samu shiga cikin 'yan amshi, musamman namiji, don kullum ƙarancin maza suke yi.

Ga inda Bahaushe ke tuntuɓe, ni ma nan na faɗi. Mu da muka tashi da kallon Samanja da wasannin tashe, mun saba ɗan wasa ya riƙe gundarin labari ya zuba tasa hikimar. Ranar da na fara zuwa, na karanta layi uku na ga zancen ya yi lami, sai na ƙara masa gishiri daga kaina. Daraktar ta yi dariya, ta ce in sake, amma yadda yake a takarda. Daga baya na gane dalili. Gidan ya yi hayar wasan ne daga kamfanonin da ke riƙe da haƙƙin marubuta, irin su Music Theatre International da Concord Theatricals, kuma yarjejeniyar ta hana canza kalma ba da izini ba. Saboda haka hadda ce tilas, baƙi da baƙi. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ji wannan da nauyi ba. In darakta ya ce ka sake yi ta wata siga, ba kuskure ka yi ba, so yake ya ga ko kana karɓar gyara.

Harshe kuwa, kada ka wahalar da kanka wajen murɗa baki irin na Ba'amurke. Abin da suke so a ji ka daga kujerar ƙarshe, don haka rage sauri, ka fitar da ƙarshen kowace kalma. Wani lokacin ma harshen naka ne jarinka. A wasan A Raisin in the Sun na Lorraine Hansberry, na 1959, akwai ɗalibi ɗan Nijeriya, Joseph Asagai, kuma gidajen gari sukan sha wuya kafin su sami wanda zai fito a matsayinsa ba tare da ƙaƙale ba.

Amma a ganina, abin da ya fi waƙarka da haddarka nauyi shi ne fom ɗin da za a ba ka a bakin ƙofa, inda aka ce ka rubuta ranakun da kake da uzuri. Bita takan ɗauki mako shida zuwa takwas, dare uku zuwa biyar a mako, yawanci daga ƙarfe 7 zuwa 10. Makon ƙarshe, wanda ake haɗa fitilu da sauti da kayan sawa, ba a karɓar uzurin kowa. Mu kuwa akwai mu da jin nauyi: mutum ya ce "ba komai" alhali ya san aikin dare yake yi ranar Talata. A can wannan kunyar cuta ce, domin rashin mutum ɗaya yakan tsayar da mutum ashirin, kuma wanda ya saɓa sau ɗaya, labarinsa yakan riga shi zuwa sauran gidajen. Ɗauko kalanda ka duba azumi, tunda kowace shekara yana matsowa da kamar kwana 11, ka ga ko buɗa baki da tarawihi za su faɗo cikin lokacin bita. Sallah kuma ka rubuta kwana biyu, ka bayyana musu sai an ga wata. Darakta ya fi son mai uzuri biyar a rubuce da mai uzuri ɗaya na ba-zata.

A wannan fom ɗin dai, ko a gaban manajan dandamali, za ka faɗi iyakarka. Wasu wasannin akwai sumba, ko rungume-rungume, ko fitowa a mashayi, ko zagi, kuma fom da yawa yanzu suna tambaya kai tsaye. 'Yar'uwa mai hijabi ta faɗa tun ranar cewa da shi za ta hau, a san yadda za a yi da kayan sawa. Faɗi kafin a raba matsayi, kada sai an yi mako uku ana bita. Mai bizar karatu kuma, in aka ce akwai ɗan alawus, ya tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa kafin ya miƙa hannu.

Bayan kwana ɗaya ko biyu akan yi kira na biyu ga waɗanda ake son sake gani, sannan sakamako ya zo ta imel ko waya. Rashin kira na biyu ba kullum yake nufin an yar da kai ba. In kuma ba a ɗauke ka ba, kada ka bi darakta da neman ba'asi. Ka ce kana son taimakawa a bayan fage, ko fentin allunan daɓe, ko ɗinki, ko nuna wa 'yan kallo kujera. Tela ko kafinta a cikinmu hannu biyu za a karɓe shi, kuma tantancewa ta gaba ba a matsayin baƙo zai shiga ba.

In an ɗauke ka, daren farko na nuna wasan wani zai dafa ka ya ce ka karya ƙafa. Kada ka ce masa "bakinka ya sari ɗanyen kashi", fatan alheri ne a al'adarsu. Sunan wasan Macbeth kuma ba sa ambatarsa cikin gidan, camfinsu ne, ka bar musu abinsu. Ranar rufewa kowa yakan tsaya a kwance kayan dandamali, har wanda ya fito a sarki, don haka ka zo da tsofaffin kaya a jaka, kuma kada ka tafi sai manajan dandamali ya sallame ka.