Yadda Ake Rufe Ciki Bayan Tiyatar Dajin Hanta Don Kada Ƙaba Ta Biyo Baya

Ɗinkin fata da 'yan dubiya ke leƙawa ba shi ke riƙe ciki ba. Can ƙasa akwai wani farin tantani mai tauri da ya lulluɓe tsokar ciki. In ɗinkinsa ya saki, sai hanji ya turo, bayan wasu watanni a ga tabo ya tasa. Ƙaba ke nan ta wurin aiki.

Mai dajin hanta ya fi shiga wannan haɗari. Galibi hantarsa ta riga ta ƙandare, jikinsa ba ya saurin haɗe rauni, ga ruwa na taruwa a ciki yana dannar ɗinki. Shi ya sa tun kafin ranar aiki ake rage ruwan da magani, a gyara abinci, mai shan taba ya ajiye ta.

Sai yanka. Hanta na ɓoye ƙarƙashin haƙarƙarin dama, in buɗewa za a yi, sai an buɗe da faɗi. Akwai yanka mai rassa uku da likitoci ke kira Marsandi, don kamarsa da tambarin motar. Mahaɗar rassan nan ce ta fi saki. Inda hali ya yi, gara yanka mai lanƙwasa ɗaya.

An cire ƙari, an tsayar da jini, sai a auna raunin. Zaren da zai shiga ya kai ninki huɗu na tsawon raunin, ƙa'idar da wani likita mai suna Jenkins ya kafa tun 1976. Zare ne sili ɗaya mai narkewa a hankali, irin PDS. Allura ta shiga milimita 5 daga baki, a matsa milimita 5, a sake sokawa, ba yankewa har ƙarshe. Tantanin kaɗai ake kamawa, ban da kitse. Kuma ba a ja da ƙarfi: wurin da aka shaƙe jini ba ya isa gare shi, sai zare ya yaga shi.

Likita ya gaji, ya yi sa'o'i a tsaye, kwaɗayin manyan ɗinki na nan. Amma binciken STITCH da aka yi a Holan, aka wallafa a 2015, ya bi mutum 560 da aka yanka ta tsakiyar ciki: bayan shekara, ƙaba ta fito wa kashi 21 cikin 100 na masu manyan ɗinki, kashi 13 na masu ƙanana.

Saura kiwon rauni kada ya yi ruwa, domin mugunya na ruɓar da ɗinki. Mara lafiya ya dafe ciki da matashi in tari ya zo, ya bar ɗaukar kaya sai likita ya ba da izini.