Mantuwar Da Ake Yi Da Gangan

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana matashi, ka sani mantuwa iri biyu ce. Akwai wadda take zo wa mutum ba da nufinsa ba, wannan Allah Ya yafe ta. Akwai kuma wadda mutum yake yi da gangan, watau ya zaɓi wani abu ya ce ba zai ƙara riƙe shi a zuciya ba. To, a kan wannan ta biyun darasinmu yake, domin samari da yawa suna kwana da zafin wata magana da aka faɗa musu shekara uku da ta wuce, har ta raba su da 'yan'uwansu na jini.

Dubi Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. 'Yan'uwansa sun jefa shi rijiya yana yaro. Amma a aya ta 100 ta Suratu Yusuf, da yake lissafa ni'imomin Ubangijinsa a gaban iyayensa, fitarsa daga kurkuku ya ambata, bai ambaci rijiya ba, saɓanin kuwa ya jingina shi ga Shaiɗan. Malaman tafsiri suka ce ya yi haka ne don kada ya kunyata 'yan'uwansa bayan ya riga ya yafe musu. Kana tsammanin rijiyar ta ɓace masa ne? A'a. Ajiye ta ya yi, ya ƙi ɗaukowa.

Masu binciken halayyar ɗan'adam ma sun gwada wannan. Tun wajen 1970 wani masani a Amurka, Robert Bjork, yake irin wannan gwaji: a ba mutane jerin kalmomi su haddace, sa'an nan a ce su manta da su, ga wasu sababbi. Da aka tambaye su daga baya, sai na farkon suka yi musu wuyar tunawa, sababbin kuwa suka fi zama. Amma in an nuna musu tsofaffin, suna gane su. Ashe ba gogewa aka yi ba, hanyar zuwa wurinsu ce ciyawa ta rufe don an daina bin ta.

Sai dai akwai tarko. A 1987 Daniel Wegner ya ce wa mutane kada su tuna wata farar dabba har minti 5, duk wanda ta faɗo masa a rai ya kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta ƙara, da aka sake su kuma tunanin ya dawo da ƙarfi. Waɗanda aka ba wani abu guda su mai da hankali a kai, watau jar mota, su ne abin bai yi musu irin wannan dawowar ba. Ke nan cewa "na manta" da baki ba ya isa, sai ka ba zuciya abin riƙo.

Saboda haka ga abubuwa uku:

1. Ka daina ba da labarin. Duk lokacin da ka maimaita shi a majalisa, ka sake share hanyar ke nan.

2. In ya taso, ka musanya shi da zikiri, ko karatu, ko ka yi wa mai laifin addu'a.

3. Ka bi da aiki. Sayyidina Abubakar, Allah Ya yarda da shi, ya rantse ba zai ƙara ciyar da Misɗahu ba saboda ya sa baki cikin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Da aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka, sai ya mayar masa da abin da yake ba shi.

Haka nan ka manta alherin da ka yi wa mutane, don gori yana ɓata sadaka, kamar yadda aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta nuna.

Amma hattara! Bashin da ke kanka ba a manta shi, an ma umurce mu da rubuta shi. Haƙƙin maraya da gadon 'yar'uwarka ba a manta su. Wanda ya cuce ka a ciniki, ka yafe, amma ka riƙe darasin. Mafi muni shi ne mutum ya san gaskiya ya yi kamar bai taɓa ji ba. Aya ta 19 ta Suratul Hashri ta gargaɗe mu a kan masu manta Allah.

Kada kuma ka nemi mantuwa wurin boka da sunan maganin mantau, ko a cikin ƙwaya da wiwi. Na farko yana taɓa tauhidinka, na biyu yana cinye hankalinka, da safe kuwa baƙin cikin yana nan inda ka bar shi.

Yau da dare kafin ka kwanta, ka tambayi kanka: wace rijiya ce har yanzu nake ambata? Allah Ya wanke zukatanmu daga ƙulli, Ya sa mu dace. Amin.